Daga Amsterdam zuwa Vienna da akwati mai allo

Ana gobe zan tashi, abokiyar aikina ta shigo ta ajiye mini wani abu a kan tebur. Girmansa bai kai tafin hannu ba, baƙi ne, da ɗan allo fari-fari a fuskarsa da maɗauri mai ƙarfi a samansa. Ta ce, "Ki ɗaura wa akwatinki wannan, gobe ki ga yadda za ki bar mutane a layi." Alamar kaya ce ta lantarki, wadda ake so ta gaji doguwar takardar nan mai danƙo da ma'aikata ke naɗa wa hannun akwati. Na sha jin labarinta, ban taɓa riƙe ta ba. Taron kwana uku ne zai kai ni Vienna, babban birnin Ostiriya, daga Amsterdam ta ƙasar Holan inda nake wani aiki na 'yan watanni, kuma tikitin da aka yanka mini sai an sauya jirgi a Frankfurt ta Jamus. Ƙarshen Nuwamba ne, sanyi ya fara kankama.

Da dare na zauna a bakin gado da akwatin a gabana. Na buɗe manhajar kamfanin jirgin, na tabbatar da kujerata, takardar shiga jirgi ta fito a waya. Daga nan aka tambaye ni ko ina da alamar lantarki, na amsa, aka ce in jingina bayan wayar a jikinta in dakata. Na jingina. Allon ya yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu ko uku, ya yi baƙi, ya yi fari, sai ga rubutu ya zauna raɗau: sunana, FRA da VIE (wato Frankfurt da Vienna), lambobin jirage biyu, da zanen layukan nan da na'ura ke karantawa, da lamba mai alƙaluma goma a ƙasa. Na daɗe ina juya ta a hannu ina neman inda ake saka batir. Babu. Ɗan ƙarfin da take bukata daga wayar take zuƙa ta hanyar NFC, fasahar da ake biyan kuɗi da ita in an kara waya a jikin na'ura. Allon kuma irin na na'urar karanta littafi ne, ba ya cin wuta sai lokacin da rubutu ke canzawa. Da ya zauna ya zauna ke nan, ko da za a yi wata ba a taɓa shi ba. Wannan halin nasa ne ya burge ni a daren, shi ne kuma ya so ya jawo mini matsala bayan kwana biyar.

Na kwanta ina tuna tafiyata ta farko a jirgi. A lokacin tikiti ɗan littafi ne mai shafuka masu jan baya, a kowane zango a yage ɗaya, kuma wanda ya yar da nasa ya shiga uku. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta rufe babin wannan tikitin ranar 1 ga Yuni 2008. A shekarun nan ne aka cika zaurukan filayen jirgi da injuna masu allo, suna tsaye jere kamar sojoji, kowa ya je ya danna ya ciro takardarsa. Muka ɗauka an kai ƙarshen ci gaba. Ashe su ma injunan zamaninsu gajere ne.

Da asuba jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar da ke ƙarƙashin filin jirgin Schiphol, na hau sama da akwatina.

Zauren ya cika, amma ni ba ni da abin yi a cikinsa. Wannan ne abin da ya fara ba ni mamaki. Ƙafafuna sun saba neman layi, sai na tsinci kaina ina wuce masu jiran kanta, ina wuce masu danna injuna suna kokawa da ɓare takarda mai danƙo, na nufi wurin ajiye kaya kai tsaye. Na haska wayata a idon na'ura, na ɗora akwatin a kan bel, aka auna nauyinsa, wani jan haske ya bi ta kan ɗan allon, bel ya motsa, akwati ya shige bayan labulen roba. Wayata ta yi ƙara a hannuna: shaidar karɓar kaya ce ta iso. Ban duba agogo ba, amma na san minti biyu bai cika ba. Na tsaya ina kallon inda akwatin ya ɓace, zuciyata ba ta kwanta ba, saboda ba wanda ya miƙo mini komai. Shekara da shekaru ɗan guntun takardar nan da ake manna wa bayan tikiti shi ne hujjata cewa na ba da amana an karɓa. Yau hujjar tana cikin waya, kuma ba ɗan Adam ɗin da ya ga fuskata balle ya ce a sauka lafiya.

Gani ya kori ji. Sauƙin gaskiya ne, ba talla ba. Kuma na fahimci abin da ya sa kamfanoni ke rububin abin. Kowace kanta haya ake biya wa filin jirgi a kanta, kowane inji yana cin wuri da takarda da mai gyara, alhali fasinja ya riga ya sayi kwamfuta da kuɗinsa ya saka a aljihu, shi ke yi mata caji, shi ke gyara ta in ta fashe. Kamfanin Rimowa na Jamus mai ƙera akwatuna ya fito da akwati mai allo a jikinsa tun 2016. Alaska Airlines ya zama na farko a Amurka da ya kawo alamar lantarki a 2022, daga baya ya sayar da ita dala 89, kuma a 2023 ya shiga kwashe injunan tsaye daga zaurukansa. A shekarar ce Emirates ya ce yawancin masu tashi daga Dubai su riƙa nuna takardar shiga jirgi a waya. Makonni biyu kacal kafin tafiyar tawa, ranar 12 ga Nuwamba 2025, Ryanair ya koma takardar waya zalla. Hanyar da aka ɗauka ba ta ɓuya.

Binciken jami'an tsaro bai canza ba: a cire riga mai nauyi, a zuba komai a tire, a wuce ta na'ura. Fasfo kuwa ba a buga masa hatimi ba, tunda Holan da Jamus da Ostiriya duk suna cikin yankin Schengen, ƙasashen Turai da suka janye duba fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu.

Hazo ne ya ɓata mana lissafi. Muka shiga jirgi a kan lokaci, muka zauna sama da sa'a guda ba mu motsa ba, matuƙi yana ba da haƙuri yana cewa an rage yawan jiragen da ke sauka a Frankfurt saboda ba a ganin hanya sosai. Ko da muka sauka, jirgin Vienna ya riga ya rufe ƙofa. Ina kunna waya sai ga saƙo: an mayar da ni jirgin yamma, ga sabuwar takardar shiga. A da sai na yi layin sa'a guda kafin in sami wannan. Na ji daɗi, amma daɗin bai daɗe ba, saboda na tuna akwatina yana can wani wuri a ƙarƙashin ginin nan, allonsa yana ɗauke da lambar jirgin da ya tafi ya bar mu. Wayar da za ta canza masa rubutu tana hannuna, shi kuma ban isa in kai gare shi ba.

Na nemi ma'aikaci, na yi tafiya mai nisa kafin in sami wata mata a teburin taimako. Na yi mata bayani ina nuna mata waya. Ta nemi lambar nan mai alƙaluma goma, ta shigar a kwamfutarta, ta juyo mini da fuskar in gani. Ga akwatina, an karanta shi a Amsterdam, an karanta shi lokacin loda shi, an karanta shi da ya sauka nan, kuma an riga an haɗa shi da jirgin yamma. Ta ce rubutun da ke kan alama domin idon mutum ne, injunan da ke rarraba kaya lambar kawai suke dubawa, sai su tambayi kwamfuta ina mai wannan lamba ya nufa. Ko takarda ce ko allo, aikin ɗaya ne. A nan na gane cewa alamar ba ita ke tuƙa akwati ba, suna kawai take ba shi. Abin da ya sa matar ta iya nuna mini sawunsa kuwa shi ne wata ƙa'ida ta IATA mai lamba 753, wadda ta fara aiki a Yunin 2018, da ta wajabta a rubuta kowane kaya a wurare huɗu: lokacin karɓarsa, lokacin saka shi a jirgi, lokacin sauya jirgi, da lokacin miƙa shi ga mai shi. Fargabata ba ta banza ba ce. Kamfanin SITA da ke tattara alƙaluman harkar ya ce a 2022 an sami tangarɗa a kaya 7.6 cikin kowane fasinja dubu, kuma wurin sauya jirgi ne aka fi samun ta.

Wani abin da mutane ke rikitawa, ni ma na rikita kafin ranar: alamar ba ta gaya wa mutum inda akwatinsa yake. Wannan aikin su AirTag ne, ƙananan na'urorin bin sawu da ake jefawa cikin kaya.

Na isa Vienna da dare, akwati ya fito cikin na farko-farko, allonsa bai ko karce ba. Jirgin ƙasan filin jirgi ya kai ni tashar Wien Mitte a minti 16. Otal ɗin ƙarami ne, mai tsabta, shi ma a waya aka turo mini lambar buɗe ƙofa. Kwana uku na taro suka wuce kamar yadda taro ke wucewa.

Ranar komawa ce ta koya mini ragowar karatun. Jirgina na yamma ne, sai na bar akwati a otal na fita kallon gari. Iska mai yanka fata ake yi. Na yini ina ɗaukar hoto ina bin taswira a waya, ban lura da yadda sanyi ke shanye batir ba, ga shi na bar rajistar jirgi sai na dawo. Na ɗauki akwati a gaggauce na kama hanya. A cikin jirgin ƙasa na ciro waya in yi rajista in sabunta allon, na ga saura kashi huɗu. Na ciro batirin ko-ta-kwana, na laluba jaka, babu igiyar caji. Tana can maƙale a bangon ɗakin otal. Ina cikin shigar da bayanai wayar ta ɗauke.

Ban taɓa jin hannuna wayam irin na lokacin ba. Tikitina, kujerata, lambar tafiyata, mabuɗin alamar akwatina, katin da nake biyan kuɗi da shi, duk suna cikin abu guda, abin kuma ya zama baƙin gilashi. Na tsaya a zauren da kwana huɗu baya na ratsa irinsa ina jin kaina a sama, yanzu ina neman abin da na wuce ban kalla ba. Injunan ajiye kaya suna nan birjik, babu kowa a gaban rabinsu, amma kowanne abin da yake fara nema shi ne takardar shiga jirgi. Kanta mai mutum a bayanta guda ɗaya ce a buɗe a ɓangarenmu, layinta ya lanƙwasa. Na shiga. Na dubi waɗanda muke tare: mace mai keken jarirai, wasu tsofaffi biyu mata da miji, saurayi mai jakar kayan kiɗa da ta fi ƙarfin inji, mai keken guragu. Duk wanda sabon tsarin bai ɗauka ba, nan ya taru.

Sai na ji Hausa a bayana. Na ɗauka kunnena ne. Wani dattijo ne mai farin gemu, ya naɗe wuya da mayafin sanyi, ya kara waya a kunne yana cewa, "Na gaya maka injin ya ƙi karɓa. Sau uku ina nuna masa. A'a, kada ka baro aikinka, ga ni a layi."

Da ya kashe na juya na rusuna. "Baba, ina wuni? Sannu da hanya."

Ya dube ni, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. "Ikon Allah! 'Yata, ashe da namu a nan? Lafiya lau, sannu, sannu."

Wurin ɗansa ya zo, ya yi wata biyu, yau zai koma. Ɗan ya yi masa rajista tun jiya, ya turo masa hoton takardar ta WhatsApp, ya kawo shi har bakin ƙofa ya juya saboda aikin dare. Na ce ya nuna mini. Gilashin wayar ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, tsagin ya bi ta tsakiyar ɗan murabba'in da na'ura ke karantawa, hoton kuma ya dusashe wajen turowa. Na ƙara masa hasken fuskar wayar har ƙarshe, na matsar da hoton ya kauce wa tsagin, muka bar akwatuna wurin tsofaffin nan muka je muka gwada. Ja ya nuna. Muka dawo.

"Ni fa ba jahili ba ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara talatin ina hawa jirgi. A da in na zo, mutum nake tararwa, in ba shi fasfo, ya ba ni takarda, in sa a aljihu. Yanzu sai in tsaya gaban ƙarfe yana mini ja, jama'a na kallona."

Maganar ta tsaya mini a rai, har yau ba ta sauka ba. Ba jinkirin ne ya dame shi ba, yana da lokaci. Abin da ya yi masa ciwo shi ne a mayar da mutum mai hankalinsa kamar wanda bai san hanya ba, a wurin da ya fi yawancinmu sani. Aikin da ma'aikaci horarre yake yi a da, an ɗauke shi an ɗora wa fasinja, an ce masa sauƙi ne. Ga mai sabuwar waya da ido mai kyau da intanet, sauƙi ne ƙwarai, ni shaida ce. Amma an rage kantoci bisa lissafin cewa kowa haka yake kullum, alhali ko ni da nake haka, ban kasance haka ba a yammacin nan. Kuma ba waya kaɗai ke mutuwa ba. Ranar 19 ga Yuli 2024 kwamfutoci suka tsaya a filayen jirgi da dama a duniya, har aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. A Satumban 2025 wani harin intanet ya tsayar da na'urorin rajista a Heathrow na Landan da Brussels da Berlin. Duk ranar da haka ta faru, mutanen da suka iya aikin da hannu su ake nema, kuma sai in an bar su a wurin za a same su.

Na gaya masa tawa matsalar. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya ciro igiyar caji a naɗe da roba. "Gwada wannan, 'yata. Ni ba na rabuwa da ita." Bakinta ya shiga wayata daidai. Tun ƙarshen Disamban 2024 dokar Tarayyar Turai ta ce duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta ta zo da baki iri ɗaya, USB-C, kuma ranar na ga amfanin dokar da idona. Na haɗa da batirin, muka ci gaba da matsawa kaɗan-kaɗan, yana ba ni labarin jikokinsa da yadda suke gyara masa Jamusanci.

Mun kai minti arba'in kafin mu isa. Wayata ta farfaɗo daidai lokacin da ma'aikacin ya miƙo hannu, amma ya ce lokacin rufe karɓar kaya ya matso, takarda ta fi sauri. Ya karɓi fasfo, ya buga, inji ya turo doguwar alama mai koren layi a gefe biyu, shaidar cewa a cikin Tarayyar Turai aka karɓi kayan. Zai naɗa sai ya tsaya, ya ɗaga ɗan allon da yatsa. Har yanzu VIE yake nunawa, da tsohuwar lamba, raɗau kamar daren da na rubuta shi. Ya ce in cire shi, domin lamba biyu a akwati ɗaya na iya rikita na'urar rarraba kaya. Na durƙusa a gaban kanta ina kokawa da maɗaurin da aka ƙera musamman don kada ya kwance, mutanen baya suna jira, har ya saki. Na tura alamar cikin aljihun akwati na ja zik.

Na Baba bai ɗauki minti uku ba. Na tsaya na fassara masa tambayoyin, ko akwai batir a cikin kayan, ko shi ya haɗa su da kansa. Aka ba shi takardun shiga jirgi biyu, aka manna shaidar kaya a bayan ta biyun. Ya riƙe su da hannu biyu ya karanta sunansa, ya ninke su sau ɗaya, ya saka a aljihun ƙirji ya dafa.

Jirgi ɗaya muka hau zuwa Frankfurt. A can hanyarmu ta rabu, shi zai bi ta wurin duba fasfo zuwa jirgin dare mai nisa, ni zan yi gefen Amsterdam. Na raka shi har inda aka yarda in kai. Na kwafe masa lambar kayansa mai alƙaluma goma a bayan katin taron da na halarta, na ce ya ajiye daban ko da takardar ta ɓace, na kuma tura wa ɗan nasa ita daga wayarsa. Na cire igiyar zan miƙa masa, ya tura hannuna.

"Riƙe, akwai wata a jaka. Ke ce mai sauran aiki da waya."

"Baba, na gode. Allah ya kai ku lafiya, a gaida mutanen gida."

"Amin, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ya shiga layi, hannunsa ɗaya a kan aljihun ƙirji.

Sha ɗaya ta wuce na isa Schiphol. Akwatin ya fito da takardarsa a yamutse, gefe ɗaya ya jiƙe da ruwan sama. A jirgin ƙasa na yage ta, na buɗe zik na ciro alamar, na jingina mata waya. Allon ya yi ƙyaf-ƙyaf, VIE ta goge, ya koma fari. Na naɗe igiyar Baba da robarta na saka su aljihu ɗaya.